Ɗaukar gogaggen lauya kan gado da bashi a Kebbi: abin da kuɗinka ke saya da inda aikin ke gazawa

Idan babban ɗan kasuwa ya rasu a Jega ko Birnin Kebbi, kafin a naɗe tabarmin makoki masu bin bashi sun fara sallama. Wani ya zo da takarda, wani da littafin da ake rubuta buhunan shinkafa, wani kuwa bakinsa kawai ya kawo da rantsuwa. Kafin sadakar arba'in wasiƙar banki ta iso. A cikin gida kuma kowane ɗaki ya fara lissafin abin da "Alhaji ya ba ni tun yana da rai". A wannan gaɓar ake cewa a nemo lauya, kuma a nan iyalai da yawa ke yin zaɓen tumun dare: su ɗauko wanda sunansa ya yi tashe a shari'ar zaɓe, ko ɗan abokin mamaci da bai daɗe da fitowa daga makarantar lauyoyi ba.

Wannan bita ce ta aikin lauyoyin da suka goge a rigimar gado, bashi da karayar arziki, kamar yadda ake samunsa a Kebbi. Ra'ayinmu a fili yake: aikin ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi biyu. A kira lauyan kafin a taɓa ko allura a cikin dukiyar, kuma ya kasance mai hannu biyu, wanda ya san fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke hukunci da shi, ya kuma san dokar banki, ta filaye da ta kamfanoni. Wanda ya iya ɗaya ya rasa ɗaya zai yi maka rabin aiki, ya karɓi cikakken lada.

Sanin ƙofar da za a shiga

Abu na farko da kake saya a wurin gogaggen lauya shi ne sanin kotun da ke da hurumi. Mutane na raina wannan, alhali shi ya fi komai cinye shekaru.

Rabon gadon Musulmi aikin kotun shari'ar Musulunci ne. Wanda bai gamsu ba zai bi matakai har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ikon duba al'amuran aure, wasiyya, kyauta, waƙafi da gado. Daga can sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya reshen Sakkwato, sannan Kotun Ƙoli a Abuja. To amma ba duk rigimar da aka ambaci mamaci a cikinta ce rigimar gado ba. Idan magada suna cewa gonar nan ta ubansu ce, wani bare kuma yana cewa saya ya yi, wannan jayayya ce kan mallakar ƙasa. A shari'ar Magaji da Matari ta shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa irin wannan ba ta cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Idan filin yana da takardar mallaka ta gwamna, wadda aka fi sani da C of O, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta kai rigimar mallakarsa Babbar Kotun Jiha. Ayyana mutum a matsayin wanda ya tsiyace, ko rushe kamfani saboda bashi, waɗannan kuma na Babbar Kotun Tarayya ne kaɗai, bisa sashe na 251.

Ke nan dukiyar mutum ɗaya tana iya taɓa kotu uku. Haɗarin shi ne maganar hurumi ba ta tsufa. Ana iya tayar da ita a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli, kuma da zarar ta tabbata duk abin da aka yi ya rushe, ko da gaskiya tana hannunka. Shaidunka na farko wasu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, sai a ce ka koma farko. Lauyan da ya san aikinsa yakan zauna a makon farko ya ware dukiyar kashi-kashi: wannan ba a jayayya a kansa, a raba, wannan sai an tabbatar da mai shi tukuna, wannan na kamfani ne, hannun jarin mamaci kawai ya shiga gado.

Bashi kafin rabo

A nan ne muka fi yaba wa gogaggun, domin a nan ne ake kuskuren da ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Tsarin a Malikiyya sananne ne. Ana fara da haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar gidan da aka jinginar. Sai kuɗin jana'iza daidai gwargwado. Sai basussuka. Sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin abin da ya rage, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Abin da ya saura shi ake rabawa. Kowane almajiri ya haddace wannan, amma a aikace gidaje da yawa daga ƙarshe suke farawa, saboda kowa na ƙagare ya ga nasa.

Bari mu buga misali da alƙaluma. A ce an ƙiyasta dukiyar mamaci, bayan hidimar jana'iza, ta kama naira miliyan 50. Banki na binsa miliyan 8, abokan ciniki na binsa miliyan 6. Ya yi wasiyyar a gina masallaci da miliyan 15. Ya bar mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza shida da mata biyar. Idan aka cire bashin miliyan 14, saura 36. Sulusinta miliyan 12 ne, don haka wasiyyar ta tsaya a nan, sai fa idan magada sun yarda su cika ukun daga rabonsu. Saura miliyan 24. Matan biyu su raba tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, wato miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya ta ɗauki sudusi, miliyan 4. Miliyan 17 da ta rage a kasa ta kashi 17, kowane namiji miliyan biyu, kowace mace miliyan ɗaya.

Yanzu a ce an yi gaggawa an raba hamsin ɗin yadda take. Tumunin matan kaɗai ya haura miliyan shida. Bayan wata takwas banki ya taso, sai a fara bin mutum goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya a dawo da abin da wani ya riga ya yi aure da shi, wani ya zuba a noman rani, wata ta biya kujerar Makka. Gidaje da dama a nan zumuncinsu ya mutu.

Gogaggen lauya ba ya barin a kai nan. Yakan sa a rufe shago da sito a gaban shaidu, a ƙirga kaya a rubuta, kowane ɗaki ya sa wakili ya sa hannu. Yakan nemi a sanar da masu bin bashi su kawo kansu cikin wani wa'adi. Yakan kuma tuna abubuwan da 'yan'uwa maza ke saurin mantawa: ragowar sadakin da ba a biya ba bashi ne, ana cire shi kafin rabo, mai takaba tana da haƙƙin zama a gidan mijinta wata huɗu da kwana goma, ba a fitar da ita don an samu mai sayen gida, idan ɗaya daga cikin matan tana da ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabo sai ta haihu, matar da miji ya sake ta yana cikin ciwon ajali tana gado ko da iddarta ta ƙare. Bashin da wa'adinsa bai yi ba kuma, mutuwa tana mayar da shi na yanzu.

Idan bashin ya fi dukiyar yawa fa? Sai masu bin bashi su raba gwargwadon abin da kowa ke bi. Dukiya miliyan 10, bashi miliyan 20, kowa ya samu rabin kuɗinsa: mai bin miliyan shida ya karɓi uku. Magada ba su samu komai ba, amma kuma ba a tilasta musu biya daga aljihunsu, sai wanda ya tsaya wa mamaci lamuni ya sa hannu. Wanda ya biya wa ubansa don ya sauke masa nauyi ya yi alheri babba, sai dai ya sani kyautatawa ce. Wannan jumla ɗaya, idan lauya ya faɗe ta da wuri, tana hana a sayar da gonar marayu saboda tsoro.

Hujja, inda lauyan boko zalla ke tuntuɓe

Ka ɗauki littafin bashin ɗan kasuwa ka duba. Bango ya yi laushi da gumi, shafi ɗaya da biro shuɗi, na gaba da fensir. "Na Kamba, buhu 40." An ja layi a kan wasu sunaye, wasu an sa musu alamar da mai littafin kaɗai ya san ma'anarta. Ba kwanan wata, ba sa hannu. Da irin wannan ake zuwa kotu a nemi miliyoyi, ko a musanta su.

A kotun shari'a wanda ke da'awar bashi a kan mamaci ba ya tsira da shaidu kaɗai. Bayan shaidun sai ya yi rantsuwar da ake kira yaminul ƙada'i, cewa bai karɓi kuɗin ba, bai yafe ba, domin wanda ake tuhuma ba ya nan balle ya kare kansa. Lauyan da bai san wannan ba zai bar a yanke hukunci ba tare da ita ba, a rushe shi a sama. Haka i'izari, tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja: idan babu ita a rubuce a kundin shari'a, hukuncin na cikin haɗari. Haka tantance waye mai da'awa, waye wanda ake da'awa a kansa, domin ba lallai wanda ya fara kai ƙara shi ne nauyin kawo shaida ke kansa ba.

Sai maganar kyauta, uwar rigingimu. "Baba ya ba ni gidan nan" ba ta wadatar. Kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Idan Alhaji ya ce ya ba ɗansa shago amma shi ya ci gaba da karɓar haya har ya rasu, shagon ya koma cikin gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka.

A yankin fadama, daga Argungu zuwa Suru da Bagudo, rigimar ta fi karkata ga hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum. Ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce shekara 10 tsakanin bare da bare, idan mai haƙƙi yana nan yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, tsakanin dangi kuwa sai shekara 40. Amma gonar da ta shiga hannun mutum ta hanyar aro, haya ko jingina ba ta zama tasa komai daɗewa. Duk shari'ar takan rataya ne a kan tambaya ɗaya: ta yaya gonar ta fara shiga hannunsa? Gogaggen lauya tun a zaman farko zai tambayi dattawan da suka san asalin, ya matsa a ɗauki shaidarsu da wuri. Idan kuma gandu ne da ba a raba ba tun kaka, wasu magada sun mutu sun bar nasu magadan, lissafin ya zama munasakha, rabo cikin rabo. Lauya na gari ba ya jin kunyar zama da malamin fara'ili, wato ilimin rabon gado, su fitar da shi tare. Wanda ya ce shi kaɗai ya isa, a yi hattara da shi.

Abu biyu da suka shafi kudancin jihar musamman. A ƙasar Zuru akwai gidajen da Musulmi da Kirista suke uwa ɗaya uba ɗaya, kuma bambancin addini yana hana gado a shari'ar Musulunci, don haka tun farko sai an tantance dokar da ta hau kan dukiyar mamacin. Sannan matsalar tsaro ta bar iyalai da mutanen da aka ɗauke ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ba a raba dukiyar wanda ya ɓata don kawai an fid da rai. Sai kotu ta yi hukuncin mutuwarsa. Dokar Shaida ta 2011 tana ɗaukar wanda aka shekara bakwai ba labarinsa a matsayin ya mutu, fiƙihu kuma yana da nasa wa'adin da ya danganta da yanayin ɓatan. Wannan ba wurin ƙaramin lauya ba ne.

Banki, fansho da takardun fili

Kuɗin da ke asusun mamaci ba ya fita don an kawo katin ATM da lambar sirri. Cirewa bayan rasuwa, ko da niyyar hidimar makoki, yana jawo zargin da ke bin mutum har ƙarshen shari'a. Hanyar ita ce takardar shaidar mutuwa daga asibiti ko Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sannan takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen da ke wannan aiki a Babbar Kotun Jiha, wadda bankuna da kamfanonin fansho suka saba nema. Ana biyan gwamnati kuɗi gwargwadon ƙimar dukiyar, ana kawo masu tsayawa, ana buga sanarwa a jira ko akwai mai ƙorafi. Wanda aka ba takardar amintacce ne kawai, ba mai dukiya ba. Haka wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom a gurbin makusanci: wannan bai mayar da shi magaji shi kaɗai ba, kuɗin na dukkan magada ne.

Idan mamaci ma'aikaci ne a ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014, ban da abin da ke asusun fanshonsa akwai inshorar rai da doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Iyalai da yawa ba su san da ita ba sam. Lauyan da ya tambaye ka wannan a ranar farko ya san hanya.

Takardun fili kuma sai an bi su a ma'aikatar filaye. An ƙirƙiri Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1991, saboda haka tsofaffin takardu da yawa da sunan Sakkwato suke, kuma gano fayil ɗinsu aiki ne na ƙafa. Binciken ne zai nuna ko an jinginar da gidan ba da sanin iyali ba.

Wanda yake raye amma bashi ya yi masa katutu

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na wasu ya kai inda ba a iya ɓoyewa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, rance ya shiga gidajen da da ba su san ƙofar banki ba, ambaliyar 2020 kuma ta cinye gonakin da aka ci bashi dominsu. Masu injin casa, dillalan taki da 'yan sari duk igiya ɗaya ta ɗaure su.

A nan dole mu faɗi gaskiya kan abin da ake tallatawa. Dokar tsiyacewa ta Najeriya ta 1979 ce, kuma ba kasafai ake amfani da ita ba. Ba kamar Amurka ba ce, inda mutum ke shigar da takarda ya samu sauƙin farawa sabo. A dokarmu mai bin bashi yakan fara samun hukuncin kotu, a ba wanda ake bi sanarwa, idan kwana 14 suka wuce bai biya ba sannan a nemi a ayyana shi. Wanda aka ayyana kuma ba a wanke shi ba, ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ba, ba zai riƙe kujerar darakta a kamfani yadda ya ga dama ba. Lauyan da ya fara da cewa "mu je a ayyana ka ka huta" bai gaya maka rabin labarin ba.

Abin da gogagge ke yi ya fi wannan amfani. Yakan fara da tambayar da sunan wa aka ci bashin. Rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta raba ka da kasuwancinka, gidanka da motarka duk suna cikin haɗari. Kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa jikinsa daban, sai dai bankuna kan sa mai kamfanin ya sa hannu a takardar lamuni ta ƙashin kansa, wadda ke rushe wannan katangar. Sai ya karɓi takardar tayin rance da bayanan asusu tun daga ranar farko, ya sa akanta ya sake lissafi, domin cajin da ya wuce ƙa'idar Babban Banki ana iya neman a mayar da shi. Ya duba ko rancen na da inshora. Ya duba ko jinginar gidan ta samu amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na dokar ƙasa ya tanada, ko da yake kotuna ba sa son wanda ya ci kuɗi ya dawo ya fake da wannan. Zai kuma gargaɗe ka cewa tun 2020 akwai tsarin da ke ba banki damar cire bashinsa daga asusunka na wasu bankuna ta hanyar BVN, don haka sauya banki ba mafita ba ce. Mayar da gida sunan mata ko ɗa bayan bashi ya taso ma kotu na iya warware shi.

Ga kamfanoni, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta kawo hanyoyin ceto kafin rushewa: yarjejeniya da masu bin bashi kan jadawalin biya, ko naɗa mai riƙon kamfani na wani lokaci. Mai wannan aikin sai lauya, akanta ko mai makamancin iliminsu da ya shekara biyar da ƙwarewa kuma hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta ba shi izini. Irinsu ba su da yawa a jihar, sau da yawa sai an haɗa da na Kaduna, Kano ko Abuja.

Idan kai ne mai bin bashin, lauya na gari zai hana ka abin da zuciya ke raya maka, wato kai ƙara caji ofis. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, kuma wanda aka tsare yana iya maka ka a kotu kan tauye haƙƙi ya ci diyya. Cek ɗin da ya dawo babu kuɗi shi ne ke iya zama laifi, bisa dokar 1977. Hanya mai kyau ita ce wasiƙar neman biya, sai ƙara, sai umarnin kotu na riƙe kuɗin da ke asusun wanda ake bi. A fiƙihu kuma akwai babin taflisi: alƙali ya hana wanda bashi ya cinye taɓa dukiyarsa, a sayar a raba wa masu bi. Wanda ya tarar da ainihin kayan da ya sayar masa suna nan ba a taɓa ba ya fi kowa haƙƙi da su, idan mai bashin yana raye. Idan ya mutu, a Malikiyya, ya zama ɗaya da sauran. Wanda kuwa aka tabbatar ba shi da komai, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jira shi ya samu sauƙi.

Inda aikin ke gazawa

Babban aibin shi ne ƙarancin masu hannu biyun. Na biyu, sunan babba kake saya, ƙaramin lauya ake turo maka ranar zama. Ba laifi ba ne ƙarami ya je neman ɗage zama, amma ranar yi wa shaidu tambayoyi babban ya kamata ya tsaya, kuma a rubuta haka tun farko. Na uku, shiru: wata uku ba kira, sai ka ji labarin shari'arka a bakin abokin gaba. Na huɗu, wanda ya fi ci mana rai, akwai masu hura wuta tsakanin 'yan'uwa domin kowane zama kuɗi ne. Gogagge na gaskiya shi ke fara kawo maganar sulhu, a gaban dattawan gida ko hakimi, sannan ya kai takardar sulhun kotu ta zama hukunci, don kada gobe wani ya ce bai san zancen ba.

Maganar lada a yi ta a rubuce kafin a fara. Tun 2023 akwai dokar da ta tsayar da mafi ƙarancin ladan lauyoyi, don haka wanda ya yi maka araha fiye da kima ka tambayi kanka dalili. A fayyace kuɗin ganawa, kuɗin aikin gaba ɗaya, kuɗin mota na kowane zama idan kotun tana Yawuri ko Zuru, da ko ɗaukaka ƙara na ciki. Kuɗin kotu daban ne, da rasit na gwamnati. Idan kaso za a ba shi daga abin da aka karɓo, a rubuta nawa ne, kuma daga me za a cire, kafin bashi ko bayan bashi. Lauyan da ya nemi a yanka masa fuloti daga filin da ake shari'a a kai, ko ya ce shi zai saya, ya saɓa ƙa'idar aikinsa. Kuɗin magada da ya biyo ta hannunsa asusun masu hulɗa ya kamata ya shiga, ba asusunsa na kansa ba, kuma rabon marayu a bar shi ƙarƙashin idon kotu. Mai ƙorafi kan lauya yana iya kai shi reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA a Birnin Kebbi, har zuwa kwamitin ladabtar da lauyoyi na ƙasa.

Kafin ka damƙa masa fayil, tabbatar lauya ne. Kowane lauya yana da lambar rajista ta Kotun Ƙoli da hatimin NBA mai ɗauke da sunansa, wanda yake mannawa a takardun da ya shirya. Ka kula da wanda ya sa hannu: a shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya. Ka guji 'yan kamashon bakin kotu masu cewa sun san alƙali. Sannan ka yi masa tambayoyi kai tsaye, cikin ladabi: "Barista, wace kotu za mu, kuma me ya sa ba waccan ba? A ina muke da rauni? Idan mu magada muka saɓa a tsakaninmu, wa kake wakilta?" Wanda ya amsa ta biyun ba tare da kwana-kwana ba ya fi wanda ya ce "ranka ya daɗe, ka ɗauka an gama". Ta ukun kuma tana da muhimmanci ga mata da ƙananan yara, domin sau da yawa babban wa ne ya ɗauko lauyan, shi yake biyansa. Gwauruwar da ta ga alamar ana juya ta tana da damar ɗaukar nata, idan ba hali ta nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Ba kowane gado ke buƙatar wannan hidima ba. Gida ɗaya, gona biyu, ba bashi, magada kansu haɗe: malami da alƙali sun wadatar, a dai karɓi takardar rabo mai hatimin kotu.

Idan an yanke hukunci bai yi maka daɗi ba, agogo ya fara bugawa daga ranar. Zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya wata uku ne ga hukuncin ƙarshe, kwana 14 ga hukuncin tsakiyar shari'a, a ƙananan kotuna kuma wa'adin gajere ne, a tambayi rajistara a ranar. Ka nemi kwafin shari'a nan take. A kotunan shari'a da Hausa ake rubuta zaman, sai an fassara shi zuwa Turanci kafin ya isa Sakkwato, kuma a wurin fassarar "aro" kan koma "kyauta", "jingina" ta koma "sayarwa". Ka sa lauyanka ya ajiye na Hausar da na Turancin gefe da gefe, ya karanta layi bayan layi kafin a tura.